Mai kuka a bencin mawaƙa da mai mudu biyu: hirarmu kan tsarkin zuciya

Rifkatu: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga nan Zuru muke, ni ce Rifkatu, ga Malam Ishaya a damana, ga Dauda can ya duƙufa a kan waya.

Dauda: Anti, sauti nake dubawa.

Rifkatu: Mun ji. To, yau ba sai an yi doguwar gabatarwa ba. Duk wanda yake zauren matasa na WhatsApp ya ga saƙon nan, wanda ma ba ya ciki an tura masa.

Ishaya: Har matata aka tura wa, ita da sai jika ya karanta mata.

Dauda: A dai faɗa a taƙaice, Anti, saboda mutanenmu na Yelwa da Birnin Kebbi.

Rifkatu: Yarinya ce, ta bi ta hannun mai kula da zauren, ba ta sa suna ba. Kuma don Allah masu cewa sun gane ta daga yadda take rubutu, ku bari. Ta ce tana cikin mawaƙa, amma ta daina cin jibin Ubangiji, wato abincin da masu bi suke ci tare a coci don tunawa da mutuwar Yesu, domin da zarar ta rufe ido za ta yi addu'a sai wasu tunane-tunane su faɗo mata, na ƙazanta, wani lokaci har na saɓo, irin abin da ba za ta iya furtawa da bakinta ba. Ta yi azumi, ta yi kuka, abin sai gaba yake yi. Tambayarta ɗaya ce: har yanzu ni ta Yesu ce?

Ishaya: Ni saƙon bai tayar mini da hankali ba. Amsoshin da aka ba ta ne suka hana ni barci.

Dauda: Malam ya fara.

Ishaya: Dole in fara. Wani ya ce aljani ne, a kai ta a yi mata addu'ar kora. Wani ya ce ta ƙara azumin kwana bakwai ba ruwa. Wata kuma ta ce ai sai da ta buɗe ƙofa Shaiɗan ya shiga, ta faɗi gaskiya me take kallo da dare. Yarinya ta zo da rauni, kowa ya ɗauko gishiri. Mutum nawa ne a cikinsu ya buɗe Littafi kafin ya yi rubutu?

Rifkatu: Akwai dai wanda ya sa aya.

Ishaya: Ya sa Matiyu 5:8, masu tsarkin zuciya su ne za su ga Allah. Gaskiya ne, maganar Ubangiji ce. Amma ka jefa wa wadda take ganin zuciyarta ta ƙazantu wannan aya ita kaɗai, me ka gaya mata? Ka ce mata ba za ta ga Allah ba ke nan. Bari in fara daga inda ya kamata a fara. Jaraba dabam, zunubi dabam. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya yadda ake jarabtarmu, amma bai yi zunubi ba. To ku tsaya ku yi tunani. A jeji, da Iblis ya ce masa ka faɗi ka yi mini sujada, Yesu ya ji maganar ko bai ji ba?

Dauda: Ya ji mana.

Ishaya: Ya gane abin da ake nufi?

Dauda: Ya gane.

Ishaya: Ashe maganar saɓo mafi muni a duniya ta ratsa ta kunnensa, ta shiga hankalinsa, ya fahimce ta sarai, kuma bai ƙazantu ba. Domin bai karɓa ba. Yakubu 1:14 da 15 ta jera abin daki-daki: sha'awa ta ja mutum, ta yaudare shi, sai ta ɗauki ciki, sannan ta haifi zunubi. Akwai tazara tsakanin ja da haihuwa. Yarinyar nan tana kuka saboda tunanin, tana ƙinsa, tana gudunsa. Wanda ya yarda da abu ba ya kuka a kansa haka.

Rifkatu: Malam, tsaya. Ni ina da ja a nan. Wannan maganar taka, maza sun daɗe suna ɓuya a bayanta. Mutum ya bi mace da ido tun daga ƙofar coci har ta zauna, in an yi magana ya ce ai jaraba ce kawai, ban aikata ba. Alhali Yesu ya ce a Matiyu 5:28 wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuci.

Ishaya: Maman Tabita, kin kawo ni inda nake so. Gani ɗaya ne, dubawa da nufi wani abu ne. Ɗauki Dawuda.

Dauda: Ni kuma?

Ishaya: Mai sunanka, sarki. Sama'ila ta biyu sura 11. Yana yawo a kan soro da yamma, ya hango mace tana wanka. A nan da ya juya ya sauka, da babu labari. Amma karanta abin da ya biyo baya: ya aika a tambayo ko wace ce. Aka ce masa Batsheba ce, matar Uriya, sojanka da ke bakin daga. Nan ma ƙofa a buɗe take ya fita. Sai ya sake aikawa a kawo ta. Kowane mataki shi ya taka da ƙafarsa. Mai bin mace da ido har ta zauna ya wuce hangowa, ya riga ya fara aike a zuciyarsa.

Dauda: Amma Malam, a zamanin Dawuda sai ka hau soro. Yanzu soron yana aljihu. Ka buɗe Facebook don ka ga sanarwar rasuwa, kafin ka kai ga sanarwar an nuna maka abin da ba ka nema ba. Kuma in ka ɗan tsaya a kai, na'urar ta lura, gobe ta ƙaro maka irinsa.

Rifkatu: Ashe ka san yadda abin yake aiki.

Dauda: Anti, gyaran waya nake yi, sana'ata ce.

Rifkatu: Ban ce komai ba.

Dauda: Kin ce da ido.

Ishaya: To ai ka ba da amsa da kanka. Abin da ya faɗo maka ba ka nema ba, wannan hangowa ce. Yatsan da ya tsaya, ya koma baya, ya danna, wannan naka ne. Kuma ka ce na'urar tana ƙaro maka abin da ka tsaya a kai. Ashe in aka ba ni wayar mutum na duba abin da take kawo masa, na san inda yatsansa yake tsayawa.

Dauda: Shi ya sa masu kawo gyara ba sa son ba ni lambar buɗewa. Har da dattawa.

Rifkatu: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dauda: Wani sai ya tsaya a kaina har in gama, rana tana dukansa, ga benci a inuwa ya ƙi zama.

Ishaya: Kada ka faɗi suna.

Dauda: Ni? Bakina alekum. Amma bari in koma kan yarinyar, don mu a Katolika abin nan sananne ne. Fada ya taɓa koya mana cewa akwai masu lamirin da ya cika tsoro, komai a wurinsu zunubi ne, su je su faɗi zunubansu yau, gobe su dawo da abu guda. Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya sha wannan wahala a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522. Ya faɗi zunubansa, ya rubuta su, ya sake faɗa, kullum yana ganin akwai wanda ya manta, har abin ya kai shi ga tunanin hallaka kansa.

Ishaya: Ka ga ikon Allah, mu ma namu haka ya yi. Martin Luta, lokacin da yake gidan sufaye a Jamus, yakan daɗe sa'o'i yana faɗar zunubansa, ya fito ya tuna wani ƙarami ya koma, har mai sauraronsa ya gaji da shi. Mutum biyu, zamani ɗaya, ɗaya ya zama jigon Katolika, ɗaya ya zama uban masu gyaran coci, wato Furotesta, ciwo ɗaya suka yi. Kuma ba ƙarin azumi ne ya warkar da ko ɗayansu ba. Ignatiyus ya gwada, ya yi mako bai ci ba, abin ya dawo. Sai da kowannensu ya daina tonon kansa ya dubi jinƙan Allah. Yahaya ta fari 3:20 ta ce ko zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome. Ibraniyawa 9:14 ta ce jinin Almasihu ne yake tsarkake lamiri. Jini ne, ba yunwa ba.

Rifkatu: Zan ƙara abu ɗaya a matsayina na ma'aikaciyar jinya, Malam, kafin ka wuce. Akwai lalurar da take sa tunanin da mutum ya fi ƙi ya riƙa dawo masa ba ƙaƙƙautawa, kuma iya ƙoƙarinka na korarsa, iya dawowarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san ta, ana kuma samun sauƙi. Ban ce ita ce ke damun yarinyar nan ba, ban gan ta ba. Amma in abin ya hana ta barci da cin abinci, ganin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Ishaya: Na yarda ɗari bisa ɗari. Ta ga likita, ta kuma samu mace dattijuwa mai riƙe sirri, ba zauren mutum ɗari biyu ba. Kuma ta koma teburin Ubangiji. An shirya shi ne don masu bukata. To amma ni, abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ba wanda ya rubuto saƙo a kansa.

Dauda: Ga shi nan zuwa.

Ishaya: Mai lamirin da ya yi shiru. Ku dubi yadda muke auna tsarki a ƙasar nan. Tun da mishan suka kafa tasha a Zuru a 1925, waɗanda aikinsu ya zama cocin UMCA ta yau, an yi mana koyarwa mai ƙarfi a kan rayuwar tsarki, kuma mun gode wa Allah, ta fitar da gidaje da yawa daga halaka. Amma da tafiya ta yi nisa sai muka mayar da abin lissafi. Ba ya shan burkutu, ba ya shan taba, mace ɗaya gare shi, matarsa tana ɗaura ɗankwali, zanenta ya kai idon sawu. Shi ke nan, tsarkakke ne, a ba shi kujerar dattijo. Wannan mutum kuwa ranar kasuwa mudu biyu yake fita da su. Na saye dabam, na sayarwa dabam. In zai sayi dawa a hannun matar ƙauye ya fito da mai faɗin ciki, in zai sayar wa malamin makaranta ya fito da wanda aka bubbuge gindinsa. Ranar Lahadi ya zo da zakkarsa a ambulan, ya ci jibi, ya koma gida ya yi barci har da minshari.

Rifkatu: Ita kuma yarinya tana bencin mawaƙa tana kuka.

Ishaya: Kin gani. Maimaitawar Shari'a 25:14 ta hana a ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. A ajiye ma, ba a kai ga awo ba. Amos 8:5 ya yi wa masu rage mudu faɗa. Amma yaushe rabon da ku ji an sa wani a horo saboda mudu? Yarinya ta yi ciki, kafin wata ya fito an kai ta bencin baya. Markus sura 7, Yesu ya jera abubuwan da ke fitowa daga zuciya su ƙazantar da mutum. Fasikanci yana ciki, ba na musu. Amma a jeri guda akwai kwaɗayi, akwai ha'inci, akwai hassada, akwai yanke, akwai girmankai. Mu muka zaɓi biyu muka ja musu layi da jan biro, sauran muka bar su su yi ta cin jibi.

Dauda: To amma shi mai mudun, in ka tambaye shi zai ce lamirinsa bai dame shi ba. Kowa haka yake yi a kasuwa.

Ishaya: Shi ya sa nake cewa lamiri shi kansa mudu ne. Ana iya bubbuge shi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya zama abin da yake aunawa ba daidai ba ne, mai shi kuma ya rantse cike yake. Sai an kai shi an gwada da na gaskiya. Bulus ya ce a Korantiyawa ta fari 4:4, ban san wani laifi a kaina ba, amma wannan bai sa na kuɓuta ba, Ubangiji ne mai yi mini shari'a. Kuma ya san abin da yake faɗa. Lokacin da yake kama masu bi yana jefa su kurkuku, Ayyukan Manzanni 26:9, cewa ya yi yana ganin wajibi ne a kansa. Da zuciya ɗaya yake yi. A Timoti ta fari 4:2 ya yi maganar waɗanda aka yi wa lamirinsu lalas, wurin ya mutu, ba ya jin zafi. Luta ma da ya tsaya gaban sarki a birnin Woms a 1521, mutane suna son su ce ya bi lamirinsa. Abin da ya ce shi ne lamirinsa kamamme ne ga Maganar Allah. Ba sakakke ba ne yana yawo.

Rifkatu: To Malam, in haka ne, me ya sa Kirista biyu, duka masu karanta Littafi, wannan lamirinsa ya hana shi abu, wancan ya bar shi? Misali naman Sallah.

Dauda: Wayyo. Anti, kada ki taɓa nan.

Rifkatu: Zan taɓa. Duk shekara sai an yi wannan gardama. Maƙwabci ya aiko da naman layya, wata ta karɓa ta gode ta soya, wata ta karɓa ta ba wa wani a ɓoye.

Dauda: Ni ne wanin. Duk mai wannan matsala a Zuru, shagona yana nan, a kawo, zan ɗauke masa nauyin lamiri kyauta.

Ishaya: Ka ji ɗan hidima.

Dauda: Hidima ce, Malam. Kowa da baiwarsa. Bara wata mama ta kira ni ta bayan gida, ta ce ɗana, zuciyata ba ta kwanta da naman nan ba. Na ce Mama, tawa a kwance take, har ta yi barci.

Rifkatu: Kai dai ba ka da kunya.

Dauda: Har da kayan ciki. Na ce Mama, hantar ma tana damunki? Ta ce a'a, hantar kam na riga na yi addu'a a kanta.

Ishaya: (dariya) Ashe lamirin bai kai ga hanta ba.

Dauda: Bai kai ba. Ya tsaya a ƙashi da jijiya.

Rifkatu: Allah ya shirye ka. Kuma in Kirsimeti ta zo, shinkafar da ake kai wa maƙwabta, kai ake aika, ko?

Dauda: Ni ne. Kwano yana isa lafiya.

Rifkatu: Da nama nawa a kai?

Dauda: Anti, hanya tana da gargada.

Ishaya: Wannan yaron, da a zamanin golmo ne, da surukai sun kore shi tun shekarar farko. Shekara bakwai kana noma a gonar uban yarinya, kai kuwa da ka cinye abincin 'yan gayya.

Dauda: Yakubu ya yi bakwai aka ba shi wadda bai nema ba, ya sake yin bakwai. Ni na karanta, na ɗauki darasi.

Rifkatu: Darasin shi ne kada ka yi aure?

Dauda: Darasin shi ne a ɗaga mayafi a duba tun da sauran haske.

Ishaya: To, to. Ina muke?

Rifkatu: Naman Sallah.

Ishaya: Yawwa. A gajarce, Bulus ya sha irin wannan tambaya a Koranti, ko da yake can naman haikalin gumaka ne, ba daidai yake da na maƙwabcinmu ba, kada a haɗa. Amma ƙa'idar da ya bayar tana aiki. Korantiyawa ta fari 10:27, in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, kana so ka je, ci abin da aka sa maka ba tare da tone-tone ba. Romawa 14, mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, wanda kuma yake shakka ya ci, ya yi laifi, don bai ci da bangaskiya ba. Mamar nan ta yi daidai da ba ta ci abin da zuciyarta ta ƙi ba. Wadda ta soya ta gode wa Allah ita ma ta yi daidai. Haka maganar abincin Uhola, bikin gargajiya na ƙasar Zuru, kowane gida a nan ya san tasa gardamar. Abin da ba a yarda ba shi ne ka danne lamirinka don kunyar mutane, domin ta haka ake fara bubbuge shi.

Rifkatu: Malam, akwai wadda ta fi wannan nauyi, kuma na yi alkawari zan kawo ta. Bayan saƙon yarinyar, wata mata ta same ni a keɓe. Daga yankin Danko Wasagu suka gudo. An kashe mijinta a gona, an kwashe shanunsu. Ta ce, ku kuna maganar tunanin ƙazanta, ni tunanina kisa ne. In na rufe ido, gani nake an kama su an ƙone su a gabana, kuma ina jin daɗin ganin. Ta ce in ta kai wurin a gafarta mana yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai ta yi shiru har a wuce. Wannan fa? Jaraba ce ko zunubi?

Dauda: Ni dai a nan ba zan ga laifinta ba. Mutanenmu ma cewa suke rama cuta ga macuci ibada ne.

Ishaya: Suna faɗa, amma ba daga Littafi suka samo ba. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Sai dai kuma ba zan zauna a Zuru cikin inuwa in gaya wa gwauruwa ta yi murmushi ba. Duk wanda ya ga abin da yankin nan ya gani, tun daga ɗaliban da aka kwashe a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 har ƙauyukan da suka zama kufai, ya san fushin nan ba daga iska ya zo ba. Kuma Littafi bai ɓoye irinsa ba. Kowa yana son ƙarshen Zabura 139, ka bincike ni ya Allah, ka san zuciyata, ka gwada ni ka san tunanina. Muna rera shi. Amma wa yake karanta ayoyin da suka zo kafinsa? Daga aya 19, mai zabura cewa yake, da ma ka kashe mugaye ya Allah, ina ƙinsu da iyakar ƙiyayya. Daga nan kai tsaye ya ce bincike ni. Bai share fushin kafin ya shiga addu'a ba. Da shi ya shiga, ya ajiye a gaban Allah, ya ce duba ko akwai mugunta a ciki.

Rifkatu: Wato ta faɗa wa Allah yadda yake.

Ishaya: Yadda yake, ba ado. Shirun da take yi a tsakiyar Addu'ar Ubangiji ma, ni a wurina alama ce lamirinta yana da rai. Ta ƙi yi wa Allah ƙarya. Mu nawa ne muke wuce wurin da gudu alhali akwai wanda ba ma gaisawa da shi a coci ɗaya? Neman a kama masu laifi a hukunta su ba ƙazanta ba ne, adalci ne, Allah ma yana sonsa. Inda nake jin tsoro shi ne inda ƙiyayyar take yaɗuwa. Ta tashi daga wanda ya riƙe bindiga ta koma kan duk Bafulatani, har matar da take kawo mana nono tun muna yara, har yaron da yake kiwo bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ji maganganu a bakin masu bi, a harabar coci, bayan an tashi sujada, waɗanda in aka auna su da Matiyu 5:22...

Dauda: Amma Malam, in mutum bai san wane ne mai kai musu labari ba fa? Tsoro ne ke kawo haka.

Ishaya: Tsoro ne, ban musa ba. Yin hattara dabam ne da...

Rifkatu: Malam, yi haƙuri, ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Dauda: Zumuntar Mata ce. Na hango tukwanen kiɗa.

Ishaya: Ba ƙarfe huɗu suka ce ba?

Rifkatu: Huɗu ta gota. Kuma ni ce mai ba da waƙa yau, ba zan iya cewa su jira ba.

Ishaya: Ai ban ko taɓa Filibiyawa 4:8 ba, ita ce fa na shirya mu rufe da ita. Da me mutum zai cika tunaninsa, don kora kaɗai ba ta isa ba, duk abin da yake na gaskiya, abin girmamawa, abin da yake daidai...

Rifkatu: Su karanta a gida. Filibiyawa 4:8, jama'a, da Zabura 51. Ƙanwata mai saƙo, in kina ji, ki neme ni ta hannun mai kula da zauren, ba wanda zai sani.

Dauda: Masu naman Sallah kuma su neme ni kai tsaye.

Rifkatu: Kashe abin nan, Dauda. Sannunku da zuwa, Mama, ku shigo, mun gama. A ɗaga musu bencin can.

Ishaya: Mako mai zuwa da ita za mu fara, kada wanda ya kawo wata magana.

Dauda: Haka ka ce wancan makon, Malam. Sai an jima, jama'a.